Batir Biyu Da Ƙwan Tocila Sun Isa A Soma

A shekarar 1982 aka soma tsarin ilmi na 6-3-3-4 a Nijeriya, aka sa darasin fasaha a ƙananan makarantun sakandare, har da sanin lantarki a ciki. Gwamnati ta sayo injuna daga Turai ta rarraba. Amma a makarantu da yawa kayan suka zauna cikin akwatunansu har suka yi tsatsa, don babu wutar da za a jona su, babu kuma malamin da aka horar a kansu.

Har yanzu ciwon bai warke ba. Da muka zaga wasu makarantu a ƙasar Gwarzo da Kabo, mun tarar yaro yana iya kawo ma'anar lantarki da ka, amma in ka miƙa masa batir da waya sai ya tsaya yana kallonka. Ba mu ga laifin malamai ba, su ma a allo aka koya musu.

To, sai muka tara malamai kaɗan, muka zube musu abin da ake samu a kasuwar Gwarzo, watau batir, ƙwan tocila, guntun waya da ƙusa. Batir ɗaya ƙarfinsa bolt 1.5 ne. In aka jera biyu, kan wannan a gindin wancan, ya zama 3, ƙwan ya ƙara haske. A yanke waya, haske ya ɗauke. A haɗa bakin wayar da ƙusa, ya dawo. A sa kara ko roba, shiru. Wani dattijon malami ya naɗa waya mai riga a jikin ƙusa ya jona, ƙusa ta ɗauki allura. Ya yi ta dariya kamar yaro, ya ce shekara da shekaru yana koyar da maganaɗisu, yau ya gani da idonsa.

Mun ja kunnensu ƙwarai: kada a yi gwaji da wutar gida. Ta wuce bolt 200, tana kisa.

Abin da ya dame mu shi ne, yanzu rijiyoyin burtsatse da yawa a ƙauyuka da hasken rana suke aiki. Waya ɗaya ta kwance, sai a zauna jiran mai gyara daga Kano, mata da yara su koma ɗibar ruwan rafi.

Saboda haka, jama'a, wanda yake da matacciyar tocila ko tsohuwar rediyo kada ya yar, ya kai wa shugaban makarantar garinsu. Masu gyaran rediyo da wayar hannu kuma muna roƙonsu su ba malamai yamma ɗaya a wata.