Fayil ɗin da ka goge, ina yake tafiya?

A ce kana da shagon kwamfuta a garin Rogo, kana buga wa jama'a takardu. Wata rana bisa kuskure ka goge takardar cinikin gonar wani, har ka zubar da kwandon shara na kwamfutar. Shike nan ta tafi? Sau da yawa tana nan.

A cikin faifan ajiya na kwamfuta akwai fayafai masu sheƙi kamar madubi, an shafe su da sinadarin da ke riƙe maganaɗisu. Suna juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya. Wani ɗan siririn hannu yana shawagi a kansu ba tare da ya taɓa su ba, yana juya maganaɗisun ƙananan gurabe, wannan ya fuskanci nan, wancan ya fuskanci can. Da haka ake rubuta 0 da 1.

An tsara fuskar faifan da'ira-da'ira, kowace da'ira an yanka ta gida-gida. Gida ɗaya yana ɗaukar bait 512, ko 4,096 a sababbin fayafai. Fayil ɗaya kan warwatsu a gidaje da yawa. To, yaya ake gano shi? Ka tuna mai sito da ke ajiye wa manoman Rogo da Karaye buhunan masara bayan kaka: yana da littafin da ya rubuta buhun wane yana lungu kaza. Faifai ma yana da irin wannan littafi. A Windows, tsarin NTFS ne ke kula da shi.

Idan ka goge fayil, ba a taɓa buhunan ba. Layinsa kawai aka soke a littafi, aka ce gurbin babu mai shi. Bayanan suna nan har sai an ɗora wasu a kansu.

Don haka, in ka yi kuskuren gogewa, tsaya nan. Kada ka adana komai, kada ka saka sabuwar manhaja a faifan. Kashe kwamfutar ka kai wa mai gyara. Amma ka sani, ma'adanar SSD, wadda babu abin da ke juyawa a cikinta, takan share gurbin da wuri.

In kuwa za ka sayar da kwamfutar, gogewa ko fomatin na gaggawa ba su isa ba. Sa a rubuce faifan gaba ɗaya da sifili. In ba haka ba, takardun mutanen da suka amince da kai za su iya faɗawa hannun mai saye.