Soket: Ilimin da Ya Kamata Matasan Dogarawa Su Riƙa

Albasar Galmi ta yi suna har Akara da Abijan, kuma cinikinta a yau ya rataya ne a kan wayar salula. Manomin Dogarawa ba ya buɗe rudunsa sai ya ji yadda buhu ya kwana a Tsarnawa da Madawa. Dillali na tura hoton kaya ta WhatsApp, mai mota na sanar da isowarsa Birnin Ƙonni, kuɗi na shigowa ta kamfanonin aike irin su NITA da Al Izza. Wannan sauyi ba ƙarami ba ne. Masaniyar tattalin arziki Jenny Aker ta bi kasuwannin hatsi na Nijar tsakanin 2001 da 2006, lokacin da salula ke bazuwa, ta gano cewa bambancin farashi tsakanin kasuwanni ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100.

Sai dai kusan duk manhajojin da muke latsawa wasu ne suka rubuta su a nesa. Matashin da ke son shiga sahun masu ƙirƙira yana da mashiga guda da ya kamata ya fara bi, wato soket.

Soket shi ne bakin da manhaja ke magana da shi idan tana son aika saƙo ga wata manhajar ta hanyar sadarwa. Masana a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ne suka fito da shi cikin tsarin kwamfuta mai suna 4.2BSD a 1983, shekarar da ARPANET, kakar intanet, ta koma kan ƙa'idar TCP/IP wadda Vint Cerf da Bob Kahn suka aza tubalinta a 1974. Fiye da shekara 40 ke nan, amma a kan wannan tsari Android da Windows da Linux ke tafiya har gobe.

A kowace irin wannan magana akwai ɓangare biyu: saba, wato na'ura mai hidima, da kuma mai buƙata. Saba kamar dillali ne a rumfarsa ta kasuwar Galmi. Yakan kama wuri sananne ya zauna, ya kasa kunne, duk wanda ya yi sallama ya amsa. Mai buƙata kuwa shi ke tasowa, don haka dole ya san gari, ya san rumfa. Garin shi ne adireshin IP, rumfar kuma ita ce lambar ƙofa. Lambobin ƙofa sun kama daga 0 zuwa 65535, kuma wasu an riga an san aikinsu: 80 ta shafukan intanet ce, 443 ta shafuka masu tsaro, 53 ta neman adireshin suna.

Matakan ba su da yawa. Saba yakan buɗe soket, ya ɗaura shi a kan lambar ƙofa, ya saurara, ya karɓi mai shigowa. Mai buƙata yakan buɗe nasa ya nemi haɗi. Daga nan sai aikawa da karɓa, sannan rufewa. A harshen Python, layuka kamar 15 sun isa kowane ɓangare.

Ba sai da kwamfuta mai tsada ba. Manhajar Termux tana ba da damar rubuta Python a wayar Android. A rana ta farko ɗalibi zai iya kunna saba da mai buƙata a waya ɗaya ta adireshin 127.0.0.1, wanda ke nufin na'urar da kanta, ba tare da ya ƙona ko mega ɗaya ba. Kashegari sai ya samu aboki, ɗaya ya buɗe wifi na wayarsa, ɗayan ya shiga, su zaɓi ƙofa kamar 5000, domin waɗanda ke ƙasa da 1024 sai da izini na musamman. Ranar da ya rubuta “sannu” a wayarsa ta fito a allon abokinsa, ya fahimci abin da karatun wata guda ba zai fahimtar da shi ba.

Wahalar tana zuwa ne bayan wannan murna. TCP ya yi alkawarin isar da haruffa duka, kuma a jere, amma bai yi alkawarin isar da su a dunƙule ba. A ce an tura “Galmi 25000”. Yana iya isowa kashi biyu, “Galmi 25” da farko, “000” daga baya. Manhajar da ta yi gaggawa za ta rubuta cewa buhu ya koma sefa 25. Saboda haka mai rubutu ne zai tsara yadda za a gane ƙarshen saƙo, ko ya sa alama a ƙarshe, ko ya fara faɗin tsawon saƙon kafin ya turo shi.

Sai matsalar da kowa ya sani a karkara: rezo ya ɗauke ana tsakiyar magana. Ɗan kasuwa ya tura odar buhu 40, saba ya karɓa ya rubuta, amma kafin amsa ta dawo layi ya yanke. Shi bai san ta shiga ba, sai ya sake turawa, oda ta zama 80. Maganinta shi ne kowane saƙo ya ɗauki lambarsa ta daban, ta yadda saba zai gane wanda ya riga ya gani. Haka kuma dole a yanka wa manhaja lokacin jira, kada ta tsaya cak tana sauraron amsar da ba za ta zo ba. A nan ne ɗan Dogarawa ya fi wanda ya tashi cikin intanet mai ƙarfi sanin ciwon, domin kullum da shi yake kwana.

Akwai abu biyu da mai koyo zai riƙe tun da wuri. Soket tsurarsa ba ya ɓoye komai, don haka duk abin da ya shafi kuɗi ko lambar sirri sai an lulluɓe shi da TLS, wato tsarin ɓoye saƙo. Sannan wayar da ke kan layin kamfanin salula galibi ba a iya samunta kai tsaye daga waje, shi ya sa saban gaskiya ake ajiye shi a kwamfutar haya mai adireshi tsayayye.

Wanda ke ganin abin ya fi ƙarfinmu ya dubi Abdou Maman Kané, ɗan Nijar da ya ƙirƙiro hanyar kunna ban ruwan gona daga nesa da wayar salula, har ya samu kyautar ruwa ta duniya ta Hassan II a 2015. Matsalar manomi ya duba, ya nemo mata magani. Irinta na nan birjik a yankin nan: rijistar buhunan da ke ajiye, farashin kasuwanni a kowace safiya, jerin motocin da ke jiran lodi, bashin taki a ƙungiyoyin manoma. Kowace ɗaya saba ne guda da wayoyi masu yawa.

Kira ga malamai a makarantun sakandaren Ƙonni da Malbaza da Illela, da ɗaliban Jami'ar Tawa masu dawowa gida hutu: ku tara yara ko da biyar ne, ku nuna musu yadda waya biyu ke gaisawa. Ƙungiyoyin manoman albasa kuma su ba matasan nan ƙaramin aiki su gwada hannu, su biya su haƙƙinsu. Kai kuma matashi, wayar da ke aljihunka ta isa ka fara yau.