Inbata Ba Ta Haifar Da Wuta: A Yi Lissafi Kafin A Saya

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kunna janareto ya fi ƙarfin talaka. Wutar KEDCO kuwa yau akwai, gobe babu. Shi ya sa daga Gumel har Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar, mutane suke ta sayen batir da wata na'ura da ake kira inbata. Wasu sun ji daɗinta. Wasu kuwa sun sayar da rago sun saya, batirin ya mutu kafin shekara.

To, mene ne aikin inbata? Wutar da ke cikin batir ƙarfinta bolt 12 ne, kuma hanya ɗaya take bi. Fanka da talabijin da firji suna son irin wutar da ke zuwa ta turaku, mai bolt 230. Inbata ita ce ke juya ta batir ta koma irin ta gida.

Mai karatu, ɗauki batir kamar rumbu, inbata kuma injin niƙa. Inji ba ya ƙara hatsi. Abin da ka zuba a rumbu shi za ka ɗiba, ko daga farantin sola, ko daga KEDCO in an kawo wuta. Wajen niƙan ma ana rasa kamar kashi ɗaya cikin goma.

Ga lissafin. Babban batir mai lamba 200 a jikinsa yana ɗauke da wutar da za ta ja wat 2,400 na awa ɗaya. Amma batir mai ruwa ba a shanye shi tas. Rabi kawai ake ci, in ana so ya daɗe. Saura 1,200 ke nan. In an cire rabon inbata, abin da ya rage bai wuce 1,100 ba. Fanka tana cin kamar wat 70, ƙwan lantarki uku na zamani wat 30, ƙaramar talabijin wat 50. Duka 150. Wannan zai kai ka wajen awa 7, wato daga magariba zuwa tsakar dare.

Dutsen guga kuwa shi kaɗai wat 1,000 yake ci. Awa ɗaya ya cinye na dare duka. Hitar dafa ruwa ma haka take. Gara dutsen gawayi. Firji yana fizgar wuta ninki-ninki duk lokacin da zai tashi, don haka ƙaramar inbata ba ta iya masa. Kowane kaya an rubuta wat ɗinsa a bayansa. Wanda ya je ajin yaƙi da jahilci zai karanta da kansa, ba sai mai shago ya faɗa masa abin da ya ga dama ba.

Batirin mota bai dace da wannan aiki ba. An yi shi ne don ya tayar da inji cikin daƙiƙa kaɗan. In ana tsotse shi kowane dare, ba ya daɗewa.

Zafin bazara irin namu yana rage wa batir kwana. A aje shi a inuwa, inda iska ke shiga, ba cikin ɗakin kwana a rufe ba. Lokacin caji yana fitar da iskar da ke kama wuta, saboda haka ban da ashana ko murhu kusa da shi. In ruwansa ya ja baya, a zuba ruwan batir na kanti, ba na rijiya ba. Yara su yi nesa, ruwan yana ƙona fata.

Haɗin waya kuma a bar wa wanda ya iya. Ya sa waya mai kauri daga batir zuwa inbata, domin siririya zafi take yi har ta narke. In gidan yana da wutar KEDCO, lallai ya sa makunnin da ke raba wutar gida da layin waje. In babu shi, wutar inbata tana iya komawa kan turaku ta kama ma'aikacin da ke gyara a sama.