Wadannin Ɓeraye da Mas'alar Tsawon Rai

A shekarar 2003, a ɗakin binciken Andrzej Bartke na Jami'ar Kudancin Illinois a Amurka, wani ɓera ya mutu yana da kwana 1,819 a duniya, wato saura mako guda ya cika shekara biyar, alhali kuwa 'yan'uwansa da ake kiwo a irin waɗannan ɗakuna, duk da wadatar abinci da aminci daga kyanwa, ba safai suke haura shekara uku ba. Wada ne, nauyinsa bai wuce rabin na sa'o'insa ba, domin zuriyarsa, wadda John Kopchick ya samar a Jami'ar Ohio a 1997, an toshe mata ƙofar da jiki yake karɓar sinadarin girma ta cikinta. Ajali dai yana hannun Allah, wannan babu saɓani. Amma binciken sabubban da Ya shimfiɗa a cikin halittarSa aiki ne da ya cancanci himmar masu ilimi.

Asalin al'amarin shi ne, akwai wani ɗan ƙullutu a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa wanda yake aika sinadarin girma zuwa ga hanta, ita kuma hanta, da zarar saƙon ya iske ta, sai ta zuba wani sinadarin cikin jini, wanda ake kira IGF-1, shi kuwa ya zagaya gaɓoɓi yana ƙwanƙwasa ƙofar kowace ƙwayar halitta. Daga bakin ƙofar nan sai saƙon ya bi silsila, wannan ya karɓa ya miƙa wa wancan kamar isnadin ruwaya, har ya kai ga tsakiyar ƙwayar, inda littafin gado yake ajiye. Littafin nan iri ɗaya ne a kowace ƙwaya, yana da babi fiye da 20,000, sai dai ba duka ake karantawa lokaci guda ba, kuma saƙon girma yana cikin masu zaɓar babin da za a buɗe. Idan ya yi ƙarfi, sai wani furotin mai suna mTOR ya duƙufa ga gini da ƙari, wani kuma mai suna FOXO a tsare shi a wajen tsakiyar ƙwayar. Idan ya yi rauni, sai FOXO ya samu shiga, ya buɗe babukan gyara da tsafta da jure wahala. A jikin wata 'yar tsutsa aka fara ganin haka, sa'ad da Cynthia Kenyon ta nuna a 1993 cewa raunana irin wannan saƙo yana ninka kwanakinta biyu.

Hujja a kan ɓeraye ta zo a 1996, yayin da Holly Brown-Borg da Bartke suka bayyana cewa wasu wadannin ɓeraye na wata zuriya daban da ake kira Ames, waɗanda ƙullutun nasu ba ya fitar da sinadarin girma, mazansu sun fi na kullum daɗewa da kusan kashi 50 cikin ɗari, matansu da fiye da kashi 60. Da aka duba hantarsu, sai aka tarar babukan narkar da guba sun fi buɗewa. Da aka reni ƙwayoyin fatarsu a faranti aka zuba musu dafi, sai suka fi juriya. Jikinsu yana jin insulin ƙwarai, ciwon daji kuma yana jinkirin kama su. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, da aka yi wa jariran wadannin nan allurar sinadarin girma na mako shida kacal a farkon rayuwa, sai yawancin falalar nan ta gushe, kamar dai an rubuta wani hukunci tun a ƙuruciya wanda ba ya kankaruwa.

Amma falalar tana da farashi. Matan Ames ba sa haihuwa sai da taimakon magani, kuma dukansu ba sa jure sanyi, ta yadda da wuya su rayu a daji.

Game da ɗan Adam, wajibi ne a yi ƙiyasi da hattara, ina kuwa faɗin haka da babbar murya, domin kada wani ya ɗauka tsumburewar yaro saboda yunwa alheri ce. Wannan cuta ce mai raunana jiki da basira, ba ta da nasaba da abin da muke bahasi a kansa. Haka nan masu sayar wa tsofaffi allurar sinadarin girma da sunan maganin tsufa, shaidar ɓeraye tana ƙaryata su. Mafi kusancin misalin ɓerayen nan a cikin 'yan Adam shi ne mutanen kudancin Ekwado masu lalurar Laron, waɗanda jikinsu ba ya jin sinadarin girma. A rahoton da Jaime Guevara-Aguirre da Valter Longo suka fitar a 2011 kan mutum 99, ba a samu mai ciwon suga ko ɗaya ba, ciwon daji kuwa mutum guda ya kama, bai kuma kashe shi ba. Amma duk da haka ba a ga sun fi danginsu tsawon rai ba, saboda haɗurra da shan giya da ciwon farfaɗiya sun ɗauke da yawa daga cikinsu tun kafin tsufa.