Gargaɗi ga Masu Bi: Ku Guji Makiyayin da Babu Mai Iya Tsawata Masa

'Yan'uwa cikin Almasihu, dattawan ikkilisiya, iyayenmu mata na zumunta, da ku matasa, wannan kira ne na gaggawa. Wanda ya karanta ya karanta wa wanda bai iya ba, kuma kada a bari sai Lahadi mai zuwa. A garuruwanmu da unguwanninmu ana ta samun mutanen da ke wayar gari su rataya wa kansu sunan bishop, ko manzo, ko annabi, ba tare da wata ikkilisiya ta gwada su ba, balle ta keɓe su. Mutum ya kama hayar shago, ya sayi lasifika da farar kwala da doguwar hula, ya buga fosta, shi ke nan kowa ya fara ce masa Baba. Babu wanda ya aiko shi, kuma in ya yi ɓarna babu wanda zai iya kiransa ya zauna ya ba da amsa. Wannan na biyun ya fi ba ni tsoro, domin ta wannan ƙofa ɗaruruwan rayuka suka riga suka salwanta a nahiyarmu.

A watan Afrilu na 2023 'yan sandan Kenya suka shiga dajin Shakahola, kusa da garin Malindi na bakin teku, suka fara tono kaburbura. An ciro gawa fiye da 400, da yawa daga cikinsu yara ƙanana. Mabiyan Paul Mackenzie ne, tsohon direban tasi da ya kafa cocinsa mai suna Good News International a 2003. Shi ya kafa, shi ke shugabanci, shi ke yi wa kansa hukunci. Ya fara da hana yara zuwa makaranta da hana marasa lafiya zuwa asibiti. An kama shi a 2017, aka sake shi. A 2019 ya ce ya rufe cocin, ya ja mutane zuwa daji. A can, kamar yadda waɗanda suka tsira suka faɗa, aka umarce su da azumi har mutuwa domin su sadu da Yesu, yara su fara, sannan mata, sannan maza. Likitocin da suka duba gawarwakin sun ce yunwa ce ta kashe yawancinsu, wasu kuma shaƙe su aka yi, wasu duka. An gurfanar da shi a kotu a 2024 kan kisa da ta'addanci, ya musanta, hukuncinsa kuwa yana hannun alƙalai. Abin da ya shafe mu shi ne, shekara 20 mutumin nan yana koyar da jama'a, amma babu majalisar dattawa, babu sinod, babu bishop da ke da ikon ce masa ya sauka daga bagadi.

Kada wani ya ce Kenya ta yi nisa. A Legas, a 2006, Chukwuemeka Ezeugo da ake kira Reverend King ya sa aka watsa wa wasu mabiyansa fetur aka cinna wuta, budurwa ɗaya ta mutu. Kotu ta yanke masa hukuncin kisa a 2007, Kotun Ƙoli ta tabbatar a 2016.

Ikkilisiyar farko ba ta taɓa barin shugabanci haka sakaka ba, kuma duk mai Littafi Mai Tsarki a gida zai iya dubawa da kansa. Da gurbin Yahuza ya buɗe, babu wanda ya tashi ya ce shi ne magaji. Masu bi suka taru, aka kafa sharaɗi, aka tsai da mutum biyu, aka yi addu'a, sannan aka lissafta Matiyas tare da manzanni sha ɗayan. Bulus ya ga Ubangiji a hanyar Dimashƙu, duk da haka ikkilisiyar Antakiya ce ta yi azumi ta ɗora musu hannu shi da Barnaba ta sallame su, kuma da suka dawo a gabanta suka ba da rahoto. Daga baya ya hau Urushalima ya shimfiɗa wa Yakubu da Bitrus da Yahaya bisharar da yake wa'azi. Ya bar Titus a tsibirin Karita musamman don ya naɗa dattawa a kowane gari, ya ja kunnen Timoti kada ya yi garajen ɗora wa kowa hannu, kada kuma ya ɗauki sabon tuba ya ba shi jagoranci. A Samariya kuwa, da Siman mai sihiri ya miƙa kuɗi don a sayar masa da ikon ɗora hannu, Bitrus ya kore shi da kakkausar murya. To yau ga masu biyan kuɗi a wani taron kwana uku a otal, su fito da takarda da sanda da zobe.

Bayan manzanni sun wuce, wannan tsari ne ya zama abin da ake kira gādon manzanni: kowane bishop ya karɓi naɗinsa daga hannun bishop-bishop da suka riga shi, haka har a kai ga manzannin. Wajen shekara ta 96, mutanen Koranti suka tumɓuke dattawansu ba laifin komai, Kilemen na Roma ya rubuta musu cewa manzanni ne suka naɗa na farko, suka kuma bar umarni cewa gwadaddun mutane su gaje su da yardar dukan ikkilisiya. Wajen 180, akwai wasu malamai da suke cewa suna da koyarwar asiri da Yesu ya ba wasu kaɗan a ɓoye. Ireniyas, bishop na Liyon, wanda tun yana yaro ya saurari Polikaf almajirin Yahaya, ya amsa musu da jerin sunayen bishop-bishop na Roma daga Linus har Eluteriyus na 12. Hujjarsa ita ce, da manzanni suna da wani asiri, ai waɗanda suka danƙa wa ikkilisiyoyi za su fara gaya wa. Ku lura da wannan sosai, domin har yau duk mayaudari da shi yake farawa: an nuna mini abin da ba a nuna wa kowa ba. A 325 kuma Majalisar Nikiya ta kafa doka cewa ba a naɗa bishop sai aƙalla bishop uku sun taru, sauran na lardin sun ba da yardarsu a rubuce, babban bishop ya tabbatar.

Afirka ta san wannan tsari tun da daɗewa. Kibɗawan Masar suna lissafin shugabanninsu daga Markus mai bishara, Tawadros na Biyu da aka zaɓa a 2012 shi ne na 118. Furumentiyas da ya kai bishara fadar Aksum ta Habasha sai da ya je Iskandariya, Atanasiyas ya naɗa shi, kuma har 1959 Habasha ba ta da nata babban shugaban mai cin gashin kai. Samuel Ajayi Crowther, wanda aka 'yanto daga jirgin bayi, ya yi shekaru yana koyarwa da fassara da hidimar limanci kafin a naɗa shi bishop a Kantabiri ranar 29 ga Yuni 1864.

Na san ɗariƙunmu ba su yi baki ɗaya a kan wannan batu ba. Katolika da Otodoks da Angilikan suna riƙe da jerin ɗora hannu, su ma kuma akwai saɓani tsakaninsu, tun da Paparoma Liyo na 13 ya ce a 1896 Roma ba ta amince da naɗin Angilikan ba. ECWA da COCIN da EYN da Baptis suna cewa ainihin gādon shi ne riƙe koyarwar manzanni, kuma ikkilisiya ta wurin dattawanta da majalisunta ita ke keɓe fasto. Ba wannan muhawara ta sa na ɗauki alƙalami ba. Amma ku duba inda duk suka haɗu. A ECWA, fasto sai ya yi makarantar tauhidi, ya yi shekarun gwaji, an ba shi lasisi kafin a keɓe shi, kuma gunduma tana iya yi masa canji ko ta sa shi ƙarƙashin horo. Fada na Katolika yana shafe shekaru a seminari, ranar naɗinsa ya yi wa bishop alkawarin biyayya. A ko'ina wani ne ke naɗawa, wani kuma ke iya cirewa. Ko a sarautunmu na gargajiya, mutum ba ya naɗa wa kansa rawani ya ce ya zama hakimi, sai a fada, a gaban jama'a, kuma wanda ya naɗa shi yana iya warware rawanin.

Ga wani tarko kuma da ya fi wuyar ganewa. Wasu sun gane cewa jama'a sun fara tambaya, sai suke yawo da takardar da ke nuna wane ya ɗora wa wane hannu har zuwa Bitrus. Takardar tana iya zama gaskiya, mutumin kuma ya zama haɗari. Emmanuel Milingo tsohon babban bishop ne na Lusaka, Paparoma Bulus na Shida da kansa ya naɗa shi a 1969. A watan Satumba na 2006, a birnin Washington, ya naɗa mutum huɗu bishop ba da izinin Roma ba, aka yanke shi daga zumunci, a 2009 aka tuɓe shi daga limanci gaba ɗaya. Duk wanda ya zo yana alfahari da irin wannan jeri, hannun da yake kafa hujja da shi hannu ne da ikkilisiyar da ta naɗa shi ta riga ta ce ba da yawunta yake aiki ba. A Yuganda ma, cikin shugabannin ƙungiyar da ta ƙone mabiyanta a Kanungu ranar 17 ga Maris 2000 har da Dominic Kataribabo, fada mai ilimi wanda aka naɗa bisa ƙa'ida, amma ya fita daga ƙarƙashin bishop ɗinsa. Mutum fiye da 700 suka mutu, an kuma tono gawarwaki a gidansa da ke Rugazi. Saboda haka tambayar wa ya naɗa shi ba ta isa ita kaɗai ba. Ku ƙara da wa yake yi wa biyayya yau, wa ke duba littafin kuɗinsa, wa zai iya dakatar da shi gobe.

Haka ma takardar rajista daga Hukumar Rajistar Kamfanoni da wasu ke maƙalawa a bango. Abin da take nunawa shi ne akwai amintattun da za su iya mallakar fili da buɗe asusun banki. Hukumar ba ta gwada koyarwar kowa, ba ta keɓe fasto.

Idan kuka yi tambaya, za a jefo muku ayar Zabura ta 105 mai hana taɓa shafaffu. Ku buɗe ku karanta ta daga farko. Allah ne ke kwaɓar sarakunan al'ummai kada su cuci Ibrahim da zuriyarsa suna baƙi 'yan kaɗan. Ba ta hana annabi Natan ya tsaya gaban Dawuda, shafaffen sarki, ya faɗa masa laifinsa ba. Bulus ya tsawata wa Bitrus ido da ido a Antakiya. Da za a kai gudummawa Urushalima, Bulus bai yarda ya riƙe kuɗin shi kaɗai ba, sai da ikkilisiyoyi suka zaɓi wanda zai raka shi don kada a samu abin zargi. Wanda ya ce ya fi ƙarfin a tambaye shi inda baiko da zakka suka shiga, yana cewa ya fi Bulus ke nan.

Ku dattawa da fastoci na tsofaffin ɗariƙu, wannan gargaɗi ya shafe ku. Mutanenmu ba sa tafiya wurin waɗannan don raha. Mace ta yi shekaru ba haihuwa, saurayi ya gama karatu ba aiki, iyali sun gudo daga ƙauyen da aka ƙone, sun zo majami'a babu wanda ya san sunansu, sai wani ya riƙe hannunsu ya yi musu addu'a da hawaye. Ku ziyarci tumakinku. Kuma idan fasto naku ya ci kuɗin ikkilisiya ko ya lalata yarinya, ku yi masa horo a fili, ku kai laifin da ya shafi doka ga hukuma, kada ku yi masa canjin wuri a ɓoye. Duk ranar da kuka rufe irin wannan, kun zubar da hujjar da muke kafawa da ita.

Ku kuma iyaye da 'yan'uwa, kada ku jira. Idan wani naku ya shiga wurin da aka ce ya daina shan magani, ko ya cire yara daga makaranta, ko ya sayar da gona da gida ya kawo kuɗin, ko ya yanke hulɗa da danginsa domin su mayu ne, ko aka sa masa ranar ƙarshen duniya, ku je wurinsa yau. Kada ku zage shi, domin an riga an gaya masa za ku tsananta masa, zagin kuwa zai ƙara tabbatar masa da maganar. Ku tafi da dattijon da yake jin nauyinsa, ku bar masa ƙofar gida a buɗe. Ku kai sunan mai cocin ga shugabannin ƙungiyar Kiristoci ta CAN na ƙaramar hukumarku, ku tambayi ɗariƙar da yake cewa ta naɗa shi ko ta san shi, ko ma korarsa ta yi. Idan kuwa ana hana yaro abinci, ko ana dukan mutane da sunan fitar da aljanu, ko an kulle wani da mari, wannan ya wuce zaman sulhu a gidan fasto. Ku tafi ofishin 'yan sanda da ofishin walwalar jama'a a ranar, ku tafi da shaidu, ku sa a rubuta ƙorafin, ku riƙa komawa har sai an fito da yaran.