Tsawon Bututun Bindigar Magnum a Farautar Tsaunuka

Bututun bindiga shi ne dogon ƙarfen da harsashi ke bi kafin ya fita. Idan albarushi ya kama wuta sai ya koma iska mai tsananin zafi, ita kuma ta dinga ingiza ƙwayar harsashin har bakin bindiga. Muddin ƙwayar na cikin bututu tana ƙara gudu. Da zarar ta fita, ingizawa ta ƙare. Saboda haka abin da tsawon bututu ke ƙarawa shi ne gudu, kuma a kan gudun nan aka gina harsasan da ake kira magnum.

Harsashin magnum yana da babban kwanso mai cin albarushi da yawa, irin wanda ke ƙonewa sannu a hankali. Shahararru a cikinsu su ne 7mm Remington Magnum na 1962 da .300 Winchester Magnum na 1963, dukansu daga Amurka. Na biyun yana fitar da ƙwaya mai nauyin giram 11.7 da gudun kusan mita 900 a daƙiƙa daga bututu mai inci 24, wato santimita 61. Tsohon harsashin nan .30-06 yana fitar da ƙwaya mai wannan nauyi da kusan mita 820. Tazarar mita 80 ɗin nan ita maharbi ke saye da tsadar harsashi, da ƙarin ƙara, da dukan da bindigar ke yi wa kafaɗarsa.

Duk incin da aka datse daga bututun magnum yakan rage gudu da kimanin mita 7 zuwa 12 a daƙiƙa, gwargwadon albarushin da nauyin ƙwayar. Wanda ya sauko daga inci 24 zuwa 20 ya zubar da kusan rabin waccan tazarar, alhali dukan kafaɗa na nan, ƙara da walƙiyar bakin bindiga kuma sun ƙaru, domin iskar tana fita da sauran ƙarfinta. Ƙarar irin wannan bindiga kan wuce dasibel 160, harbi ɗaya ma ya isa ya lalata ji, kuma a kan dutse maharba sukan yi sakaci da toshe kunne.

To me ke sa ake son gajere? Mai neman ragon daji a tsaunukan Alaska, ko ragon Marko Polo a Famir ta Tajikistan, ko akuyar dutse a Kirgistan, yakan yi kwanaki yana hawa da bindiga a baya domin harbi ɗaya tak. Sai dai nauyin da ake ragewa bai kai yadda ake zato ba: inci ɗaya na siririn bututu bai fi giram 30 ba. Matsalar dogon bututu ita ce sarƙewa a rassa, da karo da dutse a wurin hawa, da rinjayar gaba idan an ɗaure bindigar a jaka. Na'urar rage ƙara, inda doka ta yarda da ita, tana ƙara inci 6 zuwa 9, ta mai da bindiga mai inci 26 kamar gora. Wannan ne ya sa bututu mai inci 20 da 22 ya samu kasuwa a 'yan shekarun nan.

Akwai tsohuwar fahimta cewa doguwar bindiga ta fi saiti. Gaskiya ce a lokacin da ake auna abin harbi da ƙarafa biyu, ɗaya a baya ɗaya a baki, domin nisan da ke tsakaninsu yana taimakon ido. Da tabarau na hangen nesa ya zo, wannan amfani ya kau. Hasali ma idan kauri ɗaya ne, gajeren bututu ya fi tauri, bai cika karkarwa lokacin harbi ba.

Tsaunin da kansa yana rama wani abu. A tsayin mita 3,000 kaurin iska ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu a kan na bakin teku, don haka harsashi yana riƙe gudunsa zuwa nesa. Na'urar auna nisa kuma ta sauƙaƙa lissafin yadda ƙwaya ke sunkuyowa. Abin da ba a iya ramawa shi ne gudun da ƙwaya ke buƙata don ta buɗe a jikin dabba, wanda ga yawancin ƙwayoyin farauta ya kai wajen mita 550 a daƙiƙa. Ƙasa da haka dabba na iya tafiya da rauni ta mutu a wahale cikin kwazazzabo, kuma wannan shi ne mafi munin abin da zai samu maharbi mai mutunci.

Ga .300 Winchester Magnum da 7mm Remington Magnum, inci 24 ne matsakaicin da ya dace. Inci 26 ya fi kyau ga manyan kwanso irin .300 Weatherby. Mai son inci 22 ko ƙasa gara ya sauya harsashi, ya koma gajerun magnum irin .300 WSM na 2001, ko ma .308 Winchester, wanda ke cin albarushi kaɗan, ba ya kuma yin asara sosai a gajeren bututu.