Facin Taya Marar Tiyub

Mai babur da ya taso daga Mahuta, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Fakai, ya nufi Zuru, yakan taka ƙusa ko ƙayar aduwa. Idan tayarsa mai tiyub ce, nan take za ta sace. Marar tiyub kuwa, wadda kamfanin B.F. Goodrich na Amurka ya fito da ita a 1947, sau da yawa takan kai shi gari.

Dalili shi ne, an lulluɓe cikinta da wata roba mai suna butil, wadda iska ba ta ratsa ta da sauƙi. Idan ƙusa ta shiga, robar takan matse ta, ƙusar ta zama toshiya. Haka abin yake ga wanda ƙarfe ya soke: ba a zare shi sai a asibiti, don kada jini ya ɓalle. Saboda haka kuskure ne a cire ƙusar a daji.

Mai faci yakan shafa ruwan sabulu. Inda kumfa ya taso, nan hujin yake. Sai ya zare ƙusar, ya goge hujin da tsinken ƙarfe mai kaushi, ya cusa igiyar roba mai danƙo, ya datse saura, ya ba tayar iska. Wannan gyara na wucin gadi ne. Faci mai ƙarko sai an kwance tayar an liƙa daga ciki.

Hujin da ya wuce milimita 6, ko wanda yake a gefen taya, ba a yi masa faci. Gefen yana lanƙwashewa a kowane juyi har facin ya saki, kuma tayar gaba idan ta sace ana cikin gudu takan kayar da direba da fasinja.